Wayar Goggo Ta Bi Gara

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Gyadi-Gyadi, ni da goggona, ƙanwar mahaifina, da wani mai adaidaita da muka ɗauka shata. Ku masu bibiyata kun saba ganin ina koya muku dabarun gyaran waya da kwamfuta, har wasunku na kirana injiniya. To yau ku gyara zama ku ji inda dabara ta kai ni.

Ga yadda abin ya faro. Goggo ta aurar da autarta, gida ya cika maƙil da 'yan biki. Ana cikin hada-hadar haɗa gara, wato kayan abincin da dangin amarya ke kai wa gidan su ango, sai wayarta ta suɓuce ta faɗa cikin bahon zoɓo. Ta ari wayar maƙwabciya ta kira ni. Ni kuwa ina zaune ina haɗa wa wani firinta, na ce da ita cikin isa: a kashe wayar, kada a kuskura a sa ta a caji, a binne ta cikin ɗanyar shinkafa. Goggo ba ta yin abu rabi-rabi. Ta duba gidan kaf, babu shinkafar da ta kai buhunan gara yawa. Ta farke ɗaya, ta zura hannu har kafaɗa ta binne wayar, ta ɗinke bakin da koren zare don kada jikoki su tono. Washegari tana ɗaki tana sallamar baƙi, mata suka loda gara a mota suka yi Tarauni da ita, ana ta guɗa.

Ba wayar ce damuwarta ba, tsohuwa ce, fuskarta ma a tsage take. Abin da ke ciki ne. Mijinta, Malam, ya rasu bara, kuma duk saƙonnin muryar da ya taɓa turo mata suna cikin wayar nan, babu kwafinsu a ko'ina a duniya. Kullum da safe sai ta kunna ɗaya kafin ta karya.

A kan titin Zariya gari bai gama farkawa ba. Masu shayi na hura wuta, masu ƙosai sun fara jefawa a mai, 'yan jinya na ta tururuwa wajen asibiti da kwanukan abinci. Na tsayar da mai adaidaita na sayi ƙosai, aka miƙo mini guda-guda ƙanana kamar maɓallan riga, kuɗin kuwa in na faɗa sai ku ce sharri nake yi. Goggo ta ƙi ci. Direbanmu ya ji labarin, ya ce ai abu mai sauƙi ne, mu kira lambar, buhun da ya yi ƙara shi ne. Goggo ta harare ni ta ce: "Injiniyanmu ya sa na kashe ta." Na mayar da hankali kan ƙosaina har muka shiga Tarauni.

Babbar matsalar kuwa ita ce kunya. Ina aka taɓa jin uwar amarya ta yi sammako gidan surukai washegarin gara ta ce a fito mata da buhu? Ai kafin azahar labari ya kai Hotoro cewa sun kawo gara sun dawo sun ƙwace. Don haka muka tsara a hanya cewa ban gajiya muka zo yi.

Layin gidan duk kwatami da ramuka, sai da muka sauka muka ƙarasa a ƙafa. Uwar ango, wata Hajiya mai fara'a, ta fito tana mamaki tana lale marhabin. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, aka kawo koko da masa mai zafi, da alkaki da dubulan na garar da mu muka kawo. Gaisuwa ta yi gaisuwa, aka tambayi gajiya, aka tambayi gajiyar gajiya. Idon Goggo kuwa na kan ƙofar sito. Can sai ta ce ƙafarta na ciwo, tabarma ba ta yi mata, ko za a bar ta ta zauna a kan buhu. Jama'a, da idona na ga dattijuwa mai jikoki ta hau buhun shinkafa, tana hira tana shafa bakinsa ta ƙarƙashin mayafi, tana laluben ɗinkinta. Ta ce wannan ya yi tauri, ta koma na biyu. Ni dai na dulmuya kaina cikin kofin koko, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da ta tashi za ta hau na uku, Hajiya ta ajiye ludayi ta ce: "Hajiya, don girman Allah, ko wani abu aka manta a ciki? Mun zama ɗaya fa."

Goggo ta buɗe baki za ta yi wata dabarar, sai hawaye ya riga ta. Ta faɗi gaskiya tiryan-tiryan. Na zaci za a yi dariya. Ashe Hajiya ma nata maigidan ya daɗe da rasuwa. Ta ce: "Wallahi ni da zan samu ko tarinsa ne a naɗe, da har Legas sai na bi buhun." Ta miƙe ta ɗauko mayafi.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Hajiya ba ta barin alheri ya kwana, tun jiya ta buɗe buhun mai koren zare ta auna wa maƙwabta, ragowar kuma ta aika da shi da buhunsa Unguwar Gano, gidan aminiyarta da ta tsaya mata a girkin biki, wata malamar makaranta 'yar Filato. Muka ɗuru a adaidaita mu uku a baya, ni a tsakiya kamar kifin gwangwani. Rana ta fito, bakin kasuwar Tarauni ya cushe da masu baro da masu kayan miya, muka tsaya cik. A gefenmu wani mai kayan waya yana ta shela da lasifika cewa ya kawo sabuwar wayar da ko a rijiya ta kwana babu abin da zai same ta. Goggo ta ce in leƙa in tambaye shi zoɓo fa.

Malama ta tare mu a ƙofa da dariya, tun kafin mu zauna ta ce ta san abin da ya kawo mu. Jiya tana aunar shinkafar dare sai ga waya a cikin kwano. Ta ce shekarunta da yawa a Kano, ta ga gara iri-iri, amma ba ta taɓa ganin wadda ake sa wa tukuici a ciki ba, har ta ce wa mijinta lallai dangin amaryar nan 'yan zamani ne. Da ta ga fuskar a tsage sai ta gane kuskure ne. Ta ƙara da cewa: "Na ga a mace take, shi ne na jona muku ita a caji tun jiya."

Innalillahi! Jiƙaƙƙiyar waya in wuta ta shige ta, sai dai a yi mata addu'a. Na bi igiyar cajin da kallo har bango, na tambaye ta yaushe rabonsu da wuta. Ta yi tsaki ta ce ai taransifomar layinsu ta ƙone tun makon jiya, ta dai jona ne ko Allah zai sa a kawo. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa yi wa rashin wuta godiya ba sai ranar. Har sujada na so in yi a falon mutane. Malama ta ƙi barinmu mu tafi sai da muka ci gwaten acca, kuma ku yarda da ni, wanda bai ci ba an bar shi a baya.

Da azahar muka sauke Hajiya a Tarauni, suka rabu da Goggo suna riƙe da hannun juna, muka dawo Gyadi-Gyadi. Na baje kayan aikina a tsakar gida, na buɗe wayar, na goge danƙon zoɓo da ɗan burushi da sifirit, na kakkaɓe garin shinkafar da ya toshe ramin caji, na bar ta ta sha iska a inuwa. Goggo na zaune a gefe da carbi. Bayan la'asar na danna. Wayar ta yi jim, sannan ta kawo haske.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In wayarka ta jiƙe, kashe ta, ka nisanta ta da caji, ka buɗe ta ko ka kai wa mai gyara. Shinkafa kuwa na janye maganata, ba ta tsinana komai sai toshe ramuka, a bar ta a tukunya. In za ka ba tsohuwa shawara, ka tambaye ta wace shinkafa ce a gidan. Abin da kuma ba ka da na biyunsa, kwafe shi yau. Kafin magariba na zuba muryoyin Malam a kwamfutata, da filashi, na kuma tura wa amarya a wayarta.

Amma kafin duk wannan, Goggo ta karɓi wayarta da hannu biyu ta danna saƙon farko da ta gani. Muryar Malam ta cika tsakar gida, da ƙarar motoci a bayansa: "Hajiya, ga ni nan a hanya, a ɗora mini ruwan shayi."

Ban ankara ba ta miƙe ta shiga kicin, na ji ta kunna risho. Sai da ruwan ya tafasa ta fito da kofi ɗaya a hannu, ta tsaya tana kallon ƙofar zaure. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta share ido da gefen mayafi ta miƙo mini.

"Ungo, injiniya. Sha, kada ya huce."