Abin da ke shanye mini batir

Shekarata biyu da aure a lokacin, ina zaune a Zuru, mijina soja ne aka tura shi aiki nesa. Ni mace ce mai saurin baki, ban iya haɗiye magana ba. Da zai tafi ya bar mini tsohuwar motarsa, da ita nake zuwa Danko da Dirin Daji sarin dawa da wake. Abin da ya fara ƙona mini rai shi ne, duk inda na je, kafin in sauke buhu ya kira yana tambayar me ya tsayar da ni a wuri kaza. Na ce ba mai kai masa rahoto sai maƙwabciyata, wata dattijuwa da nake ce wa Mama, tunda kullum tana ƙofar gida.

Ana cikin haka mota ta fara nata iskancin. In ajiye ta lafiya da yamma, da safe in murɗa makulli, ko tari ba ta yi. Na sake batir, sabon ma ya kwana ya mutu. Maman nan ce ke taya ni turawa, wata Lahadi ma da kayan cocinta a jiki. Ranar ne, muna haki, ta tambaye ni ina na nufa. Kawai na fashe. Na ce mata ta ji da tsufanta, ta daina sayar da ni a waya, munafuka. A gaban jikokinta na faɗa. Ta kakkaɓe zanenta ta wuce.

Da na gaji na kai motar wurin mai gyaran wayoyin wutar mota. Ya ce batir lafiyarsa lau, caji ma yana shiga, wani abu ne ke shan wuta bayan an kashe mota. Ya cire kan batir ya haɗa mitar auna wuta, ya dinga zare fis ɗaya bayan ɗaya, bai ga canji ba. Sai ya bi wata baƙuwar waya har ƙarƙashin sitiyari, ya zaro ɗan baƙin akwati kamar na ashana, da layin waya a ciki. Ya ce na'urar bin sawun mota ce, an yi mata haɗin banza, ba ta barci. Ya tambaye ni wa ya sa.

Na kira mijina a nan take. Ya amsa shi ne, wai saboda ɓarayi ya sa. Na ce in don ɓarayi ne, me ya hana shi gaya mini? Ni ce ɓarauniyar? Yana ji ina tura mota kamar jaki, yana ji ina zagin baiwar Allah, ya yi gum don kada asirinsa ya tonu.

Na je na durƙusa wa Mama. Ta ce ta yafe, kuma tana amsa gaisuwata, amma ta daina aiko mini da kunun da ta saba, jikokinta kuma sun daina shigowa gidana.

'Yan'uwana mata, in batir yana kwana yana mutuwa, kada ku tsaya sake batir, ku sa a bi wayoyin a ga me ke shan wuta. In kuma magana tana fita daga gidanku, ku fara bincika cikin gidan kafin ku buɗe baki a kan na waje. Motata yanzu bugu ɗaya take tashi. Kullum na fito sai na ga Mama a ƙofar gida, ba ta ƙara tambayata ina za ni ba.