Ambulan Da Na Ƙi Buɗewa

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karatu. Na daɗe ina juya wannan magana a raina, yau dai na ce bari in fitar da ita ko wani zai tsira daga abin da ni ban tsira daga gare shi ba.

A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan Nahuce ta ƙasar Bungudu, na gama digiri a fannin ƙananan halittu, na yi hidimar ƙasa na dawo. Tun ina yaro ba ni da wani buri sai likitanci, har a gida Likita ake kirana, tun ana yi da wasa har sunan ya bi ni. Amma sakamakon da na fita da shi na ƙasa ne, kuma kemistiri ne ya ja ni ƙasa, sau biyu ina faɗuwa a kansa. Da irin wannan takarda babu makarantar likitanci da za ta dube ni, sai na yi wani karatu na ɗaga makina. Mahaifinmu ya rasu, gona da gida duk suna wuyan Yayana. Na same shi a kan maganar, ya ce ya ba ni damina biyu, zai noma nawa da nasa. In ta yiwu, alhamdu lillahi. In ba ta yiwu ba in dawo mu kama gida tare, don bayansa ya fara ba shi matsala. Inna kuwa gargaɗi ɗaya ta yi min: in rufe bakina, kada kowa ya san abin da nake nema sai ya tabbata, don bakin mutane ba ya barin abu ya nuna. Wallahi nasiha ce ta uwa, ni ne na ɗauke ta na kai ta inda ba ta aike ni ba.

Ina da aboki ɗan Tsafe, ɗaki ɗaya muka zauna a jami'a, shi ma likitancin yake nema, shi ma sakamakonsa bai kai ba. Amma akwai abin da na riƙe shi da shi. Muna aji uku ya taɓa ba ni tsofaffin tambayoyin kemistiri ya ce in duba, na haddace su kaf na bar littafi, ranar jarrabawa ko ɗaya ba ta fito ba. Na faɗi, shi ya haye. Ban taɓa yi masa maganar ba, amma tun daga ranar na sa masa ido.

Shi ne ya kira ni ya ce ya bincika, hanyar da ta rage wa irinmu ita ce mu koma karatun share fage na shekara ɗaya, mu sake kemistiri da fiziks da bayoloji tun daga tushe, mu zana jarrabawarsu, da wannan sakamakon za mu nemi gurbi. Ina jin haka raina ya ɓaci. Ni da digirina, in koma in zauna benci ɗaya da yaran da suka gama sakandare jiya? Kuma a kan kemistirin da ya san shi ne ajalina? Nan take zuciyata ta raya min cewa cin dunduniya ne. Gurabun ba su da yawa, jiharmu ɗaya, duk wanda ya faɗi a cikinmu ya rage wa ɗayan abokin takara. Na ce masa to, zan yi tunani, na kashe waya ina cewa a raina wannan karon ba za ka same ni ba.

Sai na nemo tawa hanyar a ɓoye. A Gusau na samu wata cibiya da ke yin difloma ta gaba da digiri a kan tafiyar da harkokin lafiyar al'umma. Na duba darussan, babu lissafi, babu ɗakin gwaji, duk karatu ne da rubutu. Na ce ai shi ke nan, sunan lafiya na jikinta, kuma ta fi digiri matsayi, in na cika ta da manyan maki wa zai tsaya tambayar tsohon kemistiri? Su mutanen cibiyar ba su yi min ƙarya ba, tsakani da Allah, ban ma tambaye su ba. Tambaya na nufin in faɗi abin da nake nufi da takardar, ni kuwa na rantse ba mai ji. Na kama ɗaki a unguwar Damba na fara karatu. Ko makwabcina da muke cin abinci kwano ɗaya, aikin ofis ya ɗauka nake nema.

Ban san wanda ya kai wa abokina labari ba. Ya dinga kira, na dinga ƙin ɗauka. Ya turo saƙo cewa akwai magana mai muhimmanci a kan diflomar nan, na goge ban ƙarasa karantawa ba, ina tsaki, ina cewa ka ji mutum, har bibiyata yake yi. Rannan sai ga Inna ta sa an kira ni, wai wani yaron kirki ya zo tun daga Tsafe a kan babur, duk da yadda hanya take a 'yan shekarun nan, ya gaishe ta, ya sha ruwa, ya bar min ambulan ya ce don Allah in karanta da kaina. Inna ta ce ita dai ba ta ga sharri a fuskar yaron nan ba. Ni kuwa sai na hau tambayar kaina. Me zai sa mutum ya ratsa Gusau, ya wuce ni, ya je har gidanmu? Ban tuna ni ne na ɓoye masa inda nake zaune ba. Abin kunya, har asiri na zarga. Na ce wa Inna kada ta buɗe, kada ta ba kowa, ta ajiye nesa da kayana. Ita ba ta karatun boko, ta sa shi a ƙasan wata kwalla cikin jerenta ta rufe.

Ƙarshen shekarar farko na ji labari ya zana jarrabawarsa, fiziks ya kayar da shi, zai maimaita. Allah Ya yafe min, daɗi na ji. Na ce ga ramin da ya so jefa ni, shi ya faɗa. Ni kuwa makina sai hawa suke, malamai na yabona, na fita da sakamako mafi kyau a ajinmu. Damina ta biyu na kan hanya, Yaya na fama da gona shi kaɗai da ɗaurin ƙugu, in na je gida sai in ce masa ya ƙara haƙuri, an kusa.

Da lokacin neman gurbi ya zo, na ɗauki takarduna cikin sabuwar jaka na tafi jami'ar da nake so, na sa diflomar a sama don a fara ganinta. Wata Hajiya ce a ofishin, mai fara'a. Ta duba ta ce ma sha Allah, na yi ƙoƙari, ta ajiye ta gefe guda kamar takardar ƙunshin ƙosai, ta tambaye ni ina sabon sakamakon kemistiri da fiziks da bayoloji. Na ce ai ga difloma. Ta ce min cikin tausayi, a tsarinsu wannan ba ta cikin abin da ake dubawa ga mai neman likitanci, so suke su ga mutum ya gyara inda ya faɗi. Ta ƙara da cewa a rubuce yake a ƙa'idojinsu, da na leƙo tun farko da minti biyar ya ishe mu. Na kwashe takarduna na fito. Ko a nan, Edita, sai da na fara tunanin ko wani ne ya riga ni zuwa ya ɓata ni a wurinta. Ka ga inda cutar ta kai ni.

Na koma Nahuce ana girbin gero. Ban iya yi wa Yaya bayani ba, shi ma bai tambaya ba, fuskata kawai ya duba ya ce in na huta akwai dawa a gonar gabas tana jira. Da la'asar na ce Inna ta ɗauko min ambulan ɗin nan. Ta sauke kwallayenta ɗaya bayan ɗaya ta miƙo min, har ya yi ƙamshin daddawa. Takarda biyu ce a ciki. Ɗaya kwafin shafin ƙa'idojin shiga likitanci, an ja jan layi a ƙarƙashin darussa ukun nan. Ɗayar rubutun hannunsa, yana cewa ya je da kansa ya tambaya, diflomar ba za ta yi min amfani ba, har yanzu ba a rufe rajistar share fage ba, in zo mu zauna ɗaki ɗaya kamar da, shi ya ja ni a kemistiri ni in ja shi a fiziks, don ya san na fi shi a nan. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar yaro, Inna na tambayata ko mutuwa aka yi.

Shi kuwa ya sake zana fiziks ya ci, ya samu gurbi a shekarar, yanzu yana asibitin koyarwa. Na je Tsafe na nemi gafararsa. Ya yi mamaki, ya ce shi duk zatonsa na karanta ne na ga ban da ra'ayi. Da na tayar da maganar tsofaffin tambayoyin aji uku, sai da ya yi tunani kafin ya tuna, ya ce ai ya gaya min in haɗa da littafi. Kuma gaskiyarsa, ya faɗa.

Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a Bungudu, ina noma tare da Yaya. Ban ce Allah Ya rufe ƙofa ba, amma damina biyun da aka ba ni na cinye su, ba ni da fuskar roƙon ta uku. Ku masu neman gyara sakamako, kafin ku zauna a kowane aji ku je makarantar da kuke so ku tambaya da bakinku, kuma ku koma kan darasin da ya kayar da ku, kada ku zaɓi mai sauƙi don maki ya yi kyau a ido. Rufe sirri daban, zargin kowa daban. Har yau yara a unguwa Likita suke kirana, ina amsawa, don ban san yadda zan ce musu su daina ba.