Latas a Gidan Sauro

Shekara talatin Gwaggo tana wanki a asibiti, ko albasa ba ta taɓa shukawa ba. Sai da ciwon suga ya kama maigidanta, likita ya ce ya riƙa cin ɗanyen ganye, sannan ta jera tsofaffin bokitai a bayan kicin ta shuka latas.

Ganye na fara kyau, tsutsa ta sauka. Ta barbaɗa toka, ta fesa ruwan sabulu, ta tsince da hannu har bayanta ya ƙage, amma kullum ganye kamar rariya.

"Malam, ko ni ko su!" ta ce wa maigidan. Ta kwance gidan sauronsu ɗaya tilo, ta lulluɓe bokitan, ta danne da duwatsu. Kwana goma sauro na cin su, ita kuwa ta saman ragar take ban ruwa.

Ranar da ta yaye, babu komai sai kututture da tsutsotsi ɓul-ɓul. Ashe ƙwansu na manne a bayan ganye tun farko.

Ta ɗora hannu a ka. "Wayyo ni! Tsuntsayen da ke tsince min su na kora, ɓarawo na yi wa gadi."