Madarar da Malam Idi Ya Goge wa Kwanan Wata

Har gobe ban manta da wata safiyar Alhamis ba, wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin ina riƙe da sito a wani kamfanin shigo da kaya a unguwar Treichville, cikin Abidjan. Aikina shi ne sa hannu a takardar fitar da kaya, wadda muke kira bon. In ban sa hannu ba, ko katan ɗaya ba ya ƙetare ƙofa.

A ranar muka gano cewa madarar jarirai da ke can ƙuryar sito wa'adinta ya wuce da watanni. Wasu gwangwanayen har sun kumbura. Patron, wato Alhaji mai kamfanin, ya aiko da auduga da wani ruwa mai warin fenti da hatimi. Umarninsa shi ne a goge tsohon kwanan wata, a buga sabo, a kai wa 'yan kasuwar Adjamé kafin azahar.

Babban akawunmu Malam Idi ne, mutumin Zariya, wanda ke jan mu salla. Shi muke kai wa duk wata tambaya ta halal da haram. Na ja shi gefe na ce, "Malam, mene ne hukuncin wannan?"

Bai yi wata-wata ba. Ya ce ha'inci ne, cutar da wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ne, kuma in jariri ya mutu alhakinsa na wuyan duk wanda ya taɓa gwangwanin. Ya jero hujja bayan hujja. Yana gamawa ya naɗe hannun riga, ya zauna gaban katan ɗin farko.

Na ce, "Malam, ba yanzu ka ce haramun ne ba?"

Ya ce, "Har yanzu ma haramun ne. Miƙo mini audugar nan."

Wallahi na kasa rufe bakina. Da ya ce bai sani ba, ko ya ƙirƙiro wata fatawa, da na fi samun sauƙi a zuciyata.

Direbanmu Bala, haifaffen Abidjan, wanda Hausarsa rabi Faransanci ce, ba ka ganinsa a sahu sai ranar Juma'a. Ya ɗauki gwangwani ɗaya, ya ƙura wa hoton jaririn da ke jiki ido, ya ajiye mabuɗin kamyon, wato babbar motar kaya, a teburina.

Ya ce mini, "Shef, ni ban yi karatu ba. Amma kamyon ɗin nan ba da ni ba. Cikina ya ƙi."

Biro na hannuna a lokacin, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, duk hujjojin Malam suna kaina amma saura ƙiris in sa hannu. Kunyar Bala ce ta hana ni. Kafin la'asar patron ya sallame mu mu biyu. Malam Idi ya sa hannu a madadina, aka samo wani direban, kaya suka fita.

Bayan kwana uku sai ga Malam Idi a gidana, kusa da unguwar 220 Logements, ya sha gbaka, wato ƙaramar bas ta haya, tun daga Treichville yana ta gumi. Na ɗauka tuba ta kawo shi. Ya dubi ɗiyata 'yar wata biyar a bayan uwarta, ya rage murya.

Ya ce, "Ka gaya wa maiɗakinka, madarar nan mai shuɗin murfi, kada ta saya wa yarinyar nan a kasuwa."

Na ce, "To 'ya'yan sauran mutane fa, Malam?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Su ban san su ba."

Shi ya sa, ku da kuka shigo aikin sito yanzu, nake gaya muku: sanin daidai ba shi ke tsayar da hannun mutum ba. In za ku ba wani biron sa hannu, kada ku tsaya ga jin bakinsa. Ku duba ko yana jin zafin ɗan da bai taɓa gani ba.