Mas'udu Sabo da itatuwan da aka shayar har suka mutu

Jiya Laraba wani kamfani ya tuge itatuwa goma sha ɗaya da suka bushe a harabar sabon otel ɗin da ake ƙarasawa a Al Rayyan, kusa da Doha, domin gasar kofin duniya. Mutumin da ke kula da su, Mas'udu Sabo Majema, ya rasu a gindin ɗaya daga cikinsu ranar Litinin, 8 ga Agusta, 2022, wato ranar Ashura, da misalin ƙarfe ɗaya na rana. Shekararsa arba'in da uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana goma ke nan gawarsa na ɗakin ajiya na asibiti, ba a yi masa sutura ba.

Mas'udu ɗan majema ne daga Kano, ya kuma karanta ilimin gandun daji kafin ya zo Doha a 2017 a matsayin mai gadi. Lokacin kullen korona, da aka killace wasu daga cikin mutanenmu a Al Wukair, shi ne mai kewaya ɗakuna da tukunyar shinkafa da wake. Yakan ajiye a bakin ƙofa, ya ja baya ya ce, "Ku ci, 'yan gata. Ni ko zazzaɓi bai ga damar kama ni ba."

A farkon bana aka kawo itatuwan daga Sifen, aka ba shi su saboda an ji ya san bishiya. Wani nau'in icen da Turawa ke kira oak ne, wanda ba ya kaɗe ganye rani da damina, Larabawa na ce masa ballut. Ganyensa kauri gare shi kamar fata, samansa kore mai duhu, ƙasansa fari-fari. Katakonsa na da nauyi da tauri, gawayinsa ba ya saurin cinyewa, kuma icen kan haura shekara ɗari huɗu. Ranar da suka iso, Mas'udu ya ɓanɓari ɓawo ya tauna, baurin ya kama masa harshe, sai ya yi dariya.

"Dogara, zo ka ji," ya ce wa direban tankar ruwansu. "Bagaruwa ce ta sa kwat. Da babana ya samu wannan, da ya jeme fatun Kano kaf."

Bai yi kuskure ba. A ƙasashen da icen yake, da ɓawonsa ake jima tun zamanin da.

Abin da ya gane tun da wuri shi ne ballut ya saba da tsandauri da ƙarancin ruwa. Idan ruwa ya kwanta a saiwarsa, ruɓewa take yi. Da ganye ya fara rawaya a watan Yuni, shugaban aikin ya ce ƙishi ne, a riƙa shayarwa sau uku a rana. Mas'udu ya tona gindin ɗaya, ya ɗebo saiwa baƙa mai wari ya nuna masa. Amsar da ya samu ita ce, "Kai mai gadi ne ko likita? Yalla, maza ɗauki tiyo."

Doka ta hana aiki a fili da tsakar rana a wannan lokaci na shekara. Shugaban bai musa ba, cewa ya yi ban ruwa ba aiki ba ne. Haka Mas'udu ya yi wata biyu yana tsaye a rana, yana kwarara ruwan da ya san shi ke kashe itatuwan, ana kuma gaya masa duk wanda ya mutu laifinsa ne. Dogara ne ya same shi kwance, tiyon na zuba a gefensa.

Washegari kamfanin ya shaida wa ma'aikata cewa azumin Ashura ne ya kayar da shi. Dogara ya miƙe a wajen taron ya ce, "Ranka ya daɗe, tare muka sha shayi da safe. Har ya ce min bana aiki ya hana shi azumi." Aka ce masa khalas, wato ya isa haka, ya zauna. An mayar da shi wani wurin aiki tun daga ranar.

Mas'udu, ka faɗi gaskiya a kan bishiya, ba wanda ya saurare ka. An ɗauko masani daga Turai a makon jiya, ya duba saiwar na minti goma, ya faɗi abin da ka faɗa tun watan Yuni. Shi an kai shi filin jirgi a mota mai sanyi.

Allah Ya gafarta maka, Ya sanyaya makwancinka, Ya shayar da kai daga tafkin Kausara. Muna miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarsa Hajiya Zaituna, da matarsa Ummukulthum da 'ya'yansu huɗu, da yayansa Malam Ɗalhatu, wanda ke bugo waya kullum bayan la'asar da tambaya guda: "An binne shi?" Allah Ya ba su haƙuri da juriya.

Iyalin sun amince a yi jana'izar a maƙabartar Abu Hamour da ke nan Doha. Abin da ya rage shi ne sa hannun kafil, wato ubangidan da takardun zamansa ke hannunsa, wanda ke hutu a ƙasar waje. Ofishinsa ya ce zai dawo ranar Lahadi, amma har zuwa rubuta wannan ba a tabbatar ba.