Gorar Doña Zoila

A layinsu Doña Zoila Tapullima da ke birnin Iquitos, ƙarfe huɗu na yamma na yi ake ɗaura raga daga turken lantarki zuwa tagar mai gyaran takalmi. Shekara goma sha tara ke nan tana horar da matan unguwar ƙwallon raga a tsakiyar titin nan, kuma ba wanda ya taɓa ganin ta zaune. Usur a baki, waya a kunne, doguwar sandar gora a hannu. Gorar ce babban aikin. Duk babur mai ƙafa uku da ya doso sai ta ruga ta ɗaga ragar da ita ya wuce, har ta tsaya tambayar direban ya jikin tsohuwarsa. A tsakani tana zuba wa 'yan kallo ruwan 'ya'yan itacen aguaje mai sanyi, tana amsa wayar masu shirya gasa, tana ihun a buga da ƙarfi ba tare da ta waiwaya ba.

Bana abin ya ƙi. Wasa biyar a jere aka lallasa su. In suka sake faɗuwa ranar Lahadi za a cire su daga gasar gunduma sai bayan shekara biyu, rabin 'yan wasan nata kuwa gwiwoyinsu ba za su jira shekara biyu ba.

Ran Talata ta tara su ta yi musu tatas. Ta ce sun yi ƙiba, sun yi lalaci, shinkafa ta sauka musu a ƙafa. Nélida mai kifi, wadda ita ce babbar mai dukan ƙwallonsu, kuma aminiyarta tun suna 'yan mata, ta bari sai da ta numfasa.

"Ƙawata, da wane hannu nake duka?"

"Dama mana. Ni za ki yi wa jarrabawa?"

"Wata uku ke nan da kafaɗar nan ta ajiye aiki. Da hagu nake yi. Ko direbobin naki sun sani."

Matan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Ashe wata uku Zoila na tilasta a ɗago wa Nélida ƙwallo daidai hannun da ko kwandon kifi ba ya iya ɗauka. Sau huɗu aka fara gaya mata, sau huɗu babur ya yi oda ta bar mai maganar da baki buɗe.

Washegari Zoila ta nufi mijinta Don Eusebio, tsohon makanikin jiragen ruwa, wanda tun da ya bar aiki ya tare a kujerar lilo a ƙofar gida. Ta ɗora masa gorar a cinya. Ya fara zancen ciwon baya, ta ce bayan nan dai shi ke kai shi wurin karta kullum bai taɓa gazawa ba. Wayar ta cusa cikin buhun shinkafa, ruwan aguaje ta bar wa maƙwabciya, ta jawo kujera gefen fili ta zauna.

Babur na farko na yin oda ƙafafunta suka miƙe da kansu.

"Zauna, uwar titi," in ji Nélida.

Ta zauna, ta danne tafukanta a ƙarƙashin cinya, gumi na keto mata. Don Eusebio kuwa yakan tashi a hankali, ya gyara wando, ya nemo takalmi, sannan ya ɗaga raga. Kafin Juma'a direbobi sun gaji da shi sun koma bin layin baya.

A kwana huɗun nan ta ga abin da ya daɗe yana gabanta. 'Yar wasanta Maruja na runtse ido in ƙwallo ya taho da ƙarfi. Tagwayen da ke tsaron baya kowace na bar wa 'yar'uwarta. Hagun Nélida kuma, in aka ɗago mata daidai, ya fi damanta na da mugunta. Ta sauya musu wurare, ta maimaita abu ɗaya har suka fara zaginta a ciki.

Ranar Lahadi aka kai zagaye na biyar, wato na ƙarshe, saura maki ɗaya su ci. Daidai lokacin wani babur ya danna oda a bayan katangar filin gasar. Zoila ta ɗago rabi daga kujera, ta ciji usur, ta koma ta zauna. Da idonta ta ga Maruja ta tare ƙwallo ido buɗe, aka ɗago, hagun Nélida ya sauke shi a kan layi, suka ci wasan.

Da suka dawo gida Don Eusebio ya miƙo mata gorar, ya ce ai aiki ya ƙare. Ta ce masa atisaye na nan ran Talata ƙarfe huɗu, ya nemo takalminsa tun da wuri.