Ƙaguwar da Muka Ba Zamzam

Da hantsin wata Alhamis ce cikin watan Safar, a farkon shekarun 1950, ina 'yar shekara takwas. A tsakar gidanmu na Hindawiyya, unguwar baƙi a ƙasa mai tsarki, daga ni sai Kaka, sai Baba da shigowarsa ke nan daga Jidda, inda ya raka alhazai bakin jirgi. Tsarabata katantanwar teku ce da ta cika tafin hannunsa, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Na ajiye ta kan tabarma na koma shara, ina waiwayowa sai na ga katantanwa tana tafiya.

Ƙaguwa ce a ciki, jawur da ita, da ɗige-ɗigen fari masu baƙin zobe. Ƙafafunta duk gashi ne mai kauri, idanunta a kan wasu tsinkaye biyu, hannunta na hagu ya fi na dama girma nesa. Bayanta kuwa ba ta yarda mun gani ba, domin laushi gare shi, katantanwar ce sulkensa.

A lokacin ruwa sai mai garwa ya kawo, ba a wasa da shi. Amma da ta daina motsi na fashe da kuka, Kaka ta ɗauko tulun zamzam da take adanawa saboda marasa lafiya, ta saka ƙaguwar a kwano ta tuttula har ya rufe ta. "Abin da zamzam bai warkar ba, babu shi," in ji ta.

Wajen azahar maƙwabcinmu Malam Idrisa, wanda ya daɗe yana aikin jirgin ruwa a Sawakin, ya leƙo. "Haba Hajiya, wa ya sa ku? Ruwan daɗi ai ajalinta ne, sai na teku mai gishiri!" Ya ce ana samun irinta tun daga gaɓar gabashin Afirka har tsibiran mutanen Jawa, kuma ko'ina gidan aro take shiga, in ya matse ta ta nemi wani. Kaka ta ce, "Ashe irinmu ce, masu zaman aro a ƙasar wasu."

Muka tsamo ta, na riƙa yayyafa mata ruwan gishiri, amma motar Jidda da za a mai da ita teku sai washegari. Kafin la'asar ta mutu. Kaka ta share mini hawaye da gefen mayafinta. "Ni na zuba, 'yar nan, ba ke ba."

Yau jikokina kan je bakin teku bayan la'asar su dawo a ci tuwon dare da su. Mu a ranar nisan ya fi ƙarfinmu. Sai da na shekara goma sha tara na fara ganin teku.